In Ta Ƙoshi Tana Ɗingishi

Kwanan baya wani matashi ya kawo mota garejina a Mafoni. Ya riga ya biya ta wajen masu kwamfuta a Mairi, sun soka mata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, na'urar ta ce silinda ta biyu ba ta kama wuta. Ya sayi sabon fulogi ya ɗaura da hannunsa, motar ba ta daina rawa ba. Ya sayi kwayil mai ba fulogi wuta, nan ma haka. Da ya iso sai ya ce mini, "Ba Modu, abu ne mai sauƙi. Na'ura ta riga ta faɗa, hannu kawai za ka sa." Na sa hannun. Ni ma sai da na ɓata safiya guda ina zargin abin da ba shi ba, kafin na ga ɓera ne ya ci wayar injakta, mai fesa wa silindar mai, ta bayan inji. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta faɗi inda ke ciwo, ba ta faɗi abin da ya kawo ciwon ba. Ban yi wa yaron faɗa ba, domin bakin da ya yi magana da shi irin nawa ne lokacin da nake kamarsa, har ma bayan na wuce shekarunsa da nisa.

Karatuna bai wuce firamare da allo ba, saboda haka zan faɗi abin yadda na san shi. Injin ƙaramar mota kamar mata huɗu ne a kan turmi ɗaya, kowace tana sauke taɓarya a lokacinta. In ɗaya ta tsallake, ko kana bayan katanga za ka ji. Wannan tsallaken shi muke kira misin. Motar za ta riƙa rawa a silo, wato tana tsaye inji na aiki, ta riƙa fizga a hanya, salansa tana tari. Abu uku silinda take bukata kafin ta buga: wuta, da mai haɗe da iska daidai gwargwado, da matsi. Ɗaya ya gaza, ta tsallake. Fulogi shi ne mafi arha kuma mafi kusa da hannu, shi ya sa kowa ke fara ɗora masa laifi.

Aikina na farko a wajen maigidana, Ba Kyari, wankin fulogi ne. Garejinsa yana ƙarƙashin wasu dalbejiyoyi a gefen Kasuwar Shanu, ba rufi, ba ƙofa. Aka ba ni gwangwanin madara da aka yanke, da ɗan fetur, da burushin waya. Yana da wani katako da ya huda ramuka a jere. Duk fulogin da aka cire sai a soka shi a raminsa, na farko a na farko, na ƙarshe a na ƙarshe, kuma ba a wankewa sai ya duba. Ran nan na haɗa su duka na zuba a fetur kafin ya dawo daga salla, na goge su tas ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce, "Tada," wato yaro, "mara lafiya ya zo da harshensa a waje don a duba, kai kuma ka wanke masa baki." Bai dake ni ba. Ya sa aka mayar da su, aka ba direban haƙuri ya je ya yi aikin yini ya dawo, sannan aka sake cirewa.

A kan wannan katako na koyi karatun fulogi. In bakinsa ya yi kalar gyaɗar da aka soya a yashi, silindar lafiya take. In ya yi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa, ko kuma wutar ba ta kamawa kullum. In baƙin yana da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, ringin fistan ya gaji. In ya yi fari fat kamar toka, injin yana ƙuna daga ciki, kuma wannan ya fi duk sauran haɗari, domin motar tana iya gudu lafiya har lokacin da za ta mutu.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifanan fulogi mai roba a ciki don kada farin tangaran ya tsage. Filaya da aka naɗe hannunta da tsohon tib. Doguwar sukundireba da ake ɗora bakinta a jikin inji, a sa ƙotar a kunne. Sai ma'aunin baki, wasu siraran ƙarafa a haɗe kamar wuƙar aski, da ake zurawa tsakanin harshen fulogi da tsinkensa. In ana neman silindar da ta mutu, a bar mota a silo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare injin ya ƙara rawa, tana aiki. Wadda ka zare bai damu ba, ita ce gawar. Wutar takan bi filayar ta fizge ka har kafaɗa. In na yi tsalle, Ba Kyari ya ce, "Madalla, kwayil lafiyarsa ƙalau. Saura uku." Motocin yanzu ba a yi musu haka, za ka ƙone abin da ya fi fulogi tsada, amma kunne da ido ba su canja ba.

Abin da ban koya ba a wajensa shi ne zama. Mai mota ya zo, sai ya zaunar da shi a benci, ya ɓara goro, ya bar shi ya yi ta bayani. Yaushe take yi, da safe ko da rana? A kwalta ko a yashi? Kai kaɗai ko da mutane? Daga nan ya shiga motar su fita tare. Ni a ganina ɓata lokaci ne. Ina da kunne mai kyau, kuma an faɗa mini tun ina yaro, wannan faɗar ita ta lalata ni. Da na buɗe nawa wurin, kafin mutum ya gama magana na ƙarasa masa ita. Na kan ce na gwada mota, alhali totur kawai na taka mata a tsaye. Tsofaffin fulogin mutane kuma ba na mayar musu, sai in jefa a akwatina, in wanke, in sayar wa masu janareto da masu keke mai ƙafa uku. Ba wanda ya taɓa tambaya, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Allah Ya yafe mini.

Masu kawo mota iri-iri ne. Direban haya yakan kwaikwayi ƙarar da bakinsa, kuma sau da yawa kwaikwayon ya fi bayaninsa amfani. Ma'aikacin ofis yakan aiko da makulli da saƙo cewa a duba komai. Akwai wata malamar makaranta da ta fi su duka, ta ce motarta tana fizga ne kawai ranar da aka yi ruwa, sai ga tsaga a murfin distiributa mai raba wa fulogi wuta. Mafi wahala shi ne mai cewa, "Yi mata dabara kawai, gobe zan kawo ta a yi na gaskiya." Goben ba ta zuwa.

A garin nan kuwa, motar aiki da ta rage yadda ta fito daga masana'anta kaɗan ce. Jiki na wata ƙasa, inji na wata, giya ta wata. An cire injakta an sa kabureta don kowane bakanike na ƙauye ya iya taɓawa. Inji ya taɓa tafasa, an kai kansa an kankare don gaskit ya zauna, ya sake tafasa an sake kankarewa. Kowace kankara tana rage ɗakin da wuta ke ci, matsi ya ƙaru. Irin wannan mota, in ka je shago ka faɗi sunan da ke rubuce a bayanta, za a ba ka fulogin injin da ya daɗe da barinta. Sai ka duba wuyan fulogin: gajere ya ɓuya a rami wuta ba ta isa, dogo ya leƙa fistan ya doke shi. Sai ka duba zafi. Nan ne yara ke ruɗewa, suna zaton fulogi mai zafi shi ne mai ƙarfin wuta. Ba haka ba ne. Mai zafi shi ne wanda ke riƙe zafi a bakinsa ya ƙone dattin da ya taru, ya dace da motar da ke yawon cikin gari a hankali. Mai sanyi yana saurin miƙa zafinsa ga jikin inji, shi ake sa wa injin da matsinsa ya ƙaru ko yake jan kaya. Sannan a rage buɗin bakin kaɗan, domin in matsi ya yi yawa wuta tana shan wahalar tsallakawa. Duk wannan na san shi tun kafin abin da zan ba ku labari ya faru. Ba jahilci ne ya kayar da ni ba.

A shekarar da aka rufe hanyoyi ne. Mutanen ƙauyuka sun cika gari, an hana babur, waya ba ta aiki, a kowace kwana akwai shinge da dogon layi. Kayan gyara ba sa shigowa sai jefi-jefi, fetur sai na jarka, wani har warin kananzir yake. Mukan wuni a gareji ba mota ko ɗaya, mu rufe tun rana na sama saboda dokar hana fita.

A cikin wannan bazara Alhaji Jidda ya kawo a-kori-kurarsa. Balaraben Shuwa ne, dogo, mai magana a hankali. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna a gari yana dillanci a Kasuwar Shanu. Da daji ya gagara, 'yan'uwansa suka koro abin da ya rage na garkensu suka tsare a wani fili a bayan gari, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Ba kiwo, ba rijiya, fanfon da ke kusa ya tsaya don ba man inji. Masu tanka ba sa yarda su je, keke kuma ba ya iya yashin. Wannan a-kori-kura ita ce rijiyarsu. Kullum Alhaji da kansa yake loda mata duro-duron ruwa da buhunan dusa ya kai. Jikinta tsohuwar motar Faransa ce, injin na Japan, an ƙara mata sifirin a baya, kan injin kuma ni da kaina na taɓa kai shi kankara.

Ya sauko ya shafa bonet kamar yana shafa wuyan dabba. "Usta," haka yake kirana, wai haka ake ce wa bakanike a wajen Chadi, "wannan baiwar Allah tana ɗingishi."

"Yaushe take yi?"

"In ta ƙoshi. Da yunwa lafiya take tafiya. In ta ƙoshi sai ta riƙa jefa ƙafa."

Ban bari ya ƙara ba. A bakin bakanike, mota ta ƙoshi yana nufin mai ya yi mata yawa, kabureta tana ɗura mata fiye da abin da za ta iya ƙonewa. Na cire fulogi, ga su baƙi ƙirin busassu, na ce shi ke nan, magana ta fito. Na ce ya bar ta ya dawo gobe. Ya ce jiya rabin ruwa kawai ya iya kaiwa saboda ɗingishin, in ta kwana yau shanu ba za su ga ruwa ba sam. Na ce gara yini guda da a rasa motar gaba ɗaya. Gaskiyar ita ce aikin bai kai na kwana ba. Na riƙe ta ne don aikin da aka gama a tsaye ba ya daraja a idon mai shi.

Na tafi shagon Buba mai kayan gyara. Bafillace ne, ni Babarbare, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Bawana ya zo gaishe da ubangijinsa," in ji shi. "Wushe, wushe. Me za a ba ka sadaka?"

"Fulogi mai zafi, dogon wuya, saiti ɗaya. Kuma ka wanke hannu, kada ka shafa musu man shanu."

"Na wace mota?"

"Ta Alhaji Jidda."

Ya tsaya da kwalin a hannu. "Mai jan ruwan nan? A wannan rana za ka ƙara mata zafi? Ko jakin Barebari aka ɗora wa wannan kaya, inuwa yake nema."

"Kai dai sayarwa ka iya. Da ka san inji da ba ka zauna kana kora ƙuda ba."

Ya miƙo mini yana dariya, ya ce in ta fashe kada in ce a shagonsa na saya. Na ɗauka cikin wasan ne, don a cikin wasan ya faɗa.

Na ɗaura su yadda suka fito daga kwali, ban ko zura ma'auni ba. Na buɗe kabureta na sa mata ƙaramin jet don in rage man. Na tayar, ta yi silo sumul kamar keken ɗinki. Na taka totur a tsaye, ta amsa. Washegari da safe Alhaji ya tambaya ko na fita da ita, na ce na fita. Ya yi godiya ya tafi lodi.

Bayan azahar sai ga shi a keke, ƙafafunsa fari da yashi har gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Usta, ta kwanta. Ɗauko akwatinka."

Keken ya ajiye mu inda kwalta ta ƙare, muka taka. Rana irin wadda takalmin roba ke laushi a ƙafa. A hanya na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce a kwalta ta fi kullum gudu, har ya yi mini addu'a. Da ta shiga yashi sai ya fara jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya ci gaba, domin bai san abin da ake yi wa wannan ƙara ba, ga shanu suna jira. Can sai ta yi tari ɗaya, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin bonet.

Na hango ta daga nesa, bayanta ya zauna a kan sifirin, duro a jere har sama da kan direba, an ɗaure da igiya. Ban taɓa ganinta da lodi ba. A gareji kullum wayam take zuwa. Na tsaya ina kallo, na ce, "Alhaji, da ka ce in ta ƙoshi, me kake nufi?"

Ya nuna ta da hannu. "Ga shi. Yanzu a ƙoshe take. Saniya in ta cika ciki ta yi nauyi, ba haka kuke cewa ba?"

Na cire fulogin silinda ta uku. Fari fat, harshen ya narke ya zama ɗan ƙwallo. Na zura waya ta ramin, ta wuce inda ya kamata kan fistan ya tare ta. Ya huje. A nan na ga duk abin a jere. Tsofaffin fulogin ba su da laifi sai bakinsu da ya buɗe da tsufa. Mota wayam, wuta tana tsallakawa. An ɗora kaya, matsi ya hau, wutar ta kasa. Baƙin da na gani kuwa na tsayuwar silo ne a layin shinge, da na silindar da ke tsallake. Maganin bai wuce a ƙwanƙwasa harshen kowane fulogi a kan dutse a rage bakin ba, aikin da za a gama kafin shayi ya huce. Ni kuma na rage mata man da ke sanyaya ta, na sa mata fulogin da ke riƙe zafi, a injin da na san an kankare, na tura ta yashi da ruwan garke guda a bayanta. Bakin fulogin ya yi ja kamar garwashi, ya riƙa kunna mai tun fistan bai iso ba.

"Za ta tashi?" in ji Alhaji.

"Da ƙafa uku. Kuma ba da wannan kayan duka ba."

Na buɗe murfin bawul, na kwance tafet na silindar da ta mutu har ƙarshe don kada ta ja mai ta zuba a cikin inji. Na mayar da babban jet. Tsofaffin fulogin Alhaji suna cikin akwatina, a inda nake tara na sayarwa, shi kuma yana tsaye ya ga daga inda na ciro su. Na goge uku, na ƙwanƙwasa bakinsu a kan kan guduma, na auna. Na ja taimin baya kaɗan don wuta ta jinkirta kamawa. Muka mirgino rabin duron ƙasa, mu biyu, muka bar su a gindin wata aduwa. Na rage iskar tayoyi don yashi. Ta tashi tana girgiza kamar mai zazzaɓi, baƙin mai yana feshi ta bututun numfashi. Na karɓi tuƙin, giya ɗaya, ba tsayawa, domin in ta tsaya ba mai tura ta.

Tun kafin mu ga filin muka ji kukansu. Ban taɓa jin shanu suna irin wannan kuka ba, ba ƙarfi, sai tsawo. Ƙanen Alhaji da wasu maza suka fito da sanduna suka tare su, don da an bari da sun kifar da motar. An yanka duro gida biyu an jera a matsayin komi. Aka fara da maruƙa da masu shayarwa, kaɗan-kaɗan, a kore su, a kawo wasu, wai in dabba mai ƙishi ta sha ta cika a tashi ɗaya, ruwan ne zai kashe ta. Ni da Alhaji muka juya muka ɗauko sauran duron. Kafin mu dawo la'asar ta yi sanyi.

Garken ya sha, ban da ɗaya. Wata jar saniya ce babba, tsohuwa, suna ce mata Hamra. Tun da hantsi ta kwanta a gindin shinge. Ƙanen Alhaji ya ce rabin shanun da ke filin 'ya'yanta ne da jikokinta, kuma ita ta ja gaba ranar da suka baro ƙauye, sauran suka bi ta. Suka ɗaga kanta, suka ɗura mata ruwa da buta, suka jiƙa mata buhu a baya. Maza suka kama wutsiya da ƙaho suka cira, ƙafafun suka naɗe. Alhaji ya duba idonta, ya duba rana, ya yi wa ƙanensa magana da Larabcinsu. Aka kawo wuƙa tun tana da sauran rai, don kada ta zama mushe.

Ana fiɗa, na same shi yana wanke hannu a bayan motar. Na ce masa, "Alhaji, ba ƙaddarar inji ba ce. Ni na ƙone shi. Fulogin da na sa ba nata ba ne, ban fita da ita ba kamar yadda na ce maka, kuma jiya ba ta bukatar kwana."

Ya ci gaba da wanke hannunsa har ya gama. Sannan ya ce, "Hausar nan ba ta uwata ba ce, ba ta uwarka ba ce. Ni na faɗa da Hausar Larabawa, kai ka ji da Hausar Barebari."

"Da na tambaya da ka faɗa mini."

"Da na faɗa," in ji shi. Ya yarfe ruwan. "Fistan yana samuwa a garin nan?"

Na ce Buba yana da wani mataccen inji irinsa a bayan shago.

"To gobe da asuba a kai ruwa da ƙafa ukun, sannan ka buɗe ta. Jibi ma haka. Ba za ta sake kwana a wajenka ba sai shanu sun sha."

Haka aka yi. Kowace safiya ni nake tuƙa ta in kai ruwa, da rana in yi aiki, har na samu ranar da ƙanensa ya roƙi wani mai tarakta ya ɗauki lodin, na sauke injin na canja fistan. Na sa mata fulogi mai sanyi, na rage baki, na gwada ta da duro cike a cikin yashin nan, Alhaji yana gefena. Buba bai yi mini tsiya ba ko sau ɗaya a kan maganar, wannan kuwa tsakanin Bafillace da Babarbare ya fi zagi.

Amma a wancan yammacin, kafin mu bar filin, an kasa naman a kan ganye kashi-kashi, na kowane gida, da na maƙwabta, da na waɗanda suka taya aiki. Ƙanen Alhaji ya ɗauko kashi ɗaya, har da tsokar cinya da guntun hanta, ya ƙulle a leda ya miƙo mini. Na ce a bar shi. Alhaji ya ce, "Kai ka kawo ruwan. Wanda ya taya aiki yana da kaso, haka muke yi. Ba a mayarwa."

Na ɗora ledar a kan akwatin kayan aiki, muka shigo gari dab da a rufe hanya. A shekarar nan nama ba ya shiga gidana sai da dalili. Maiɗakina ta buɗe ledar, ta tambaya ko suna aka yi a wani wuri. Na ce ba suna ba ne, saniyar mutane ce da na kashe da fulogi. Ta ɗauka wasa nake yi, ta ɗora tukunya.